Na kasa sauka ƙasa da bugu 100 a golf: laifin sanda ne ko na lissafi?

Tambaya: Shekara uku ke nan ina buga golf a Kaduna kusan kowace Asabar. A wurin atisaye ƙwallona na tafiya lafiya lau, amma da na shiga fili sai in tashi da bugu 100 ko 103. Bara na sayi sabon direba, wato sandar bugu mafi nisa, babu abin da ya canza. Yaya zan san sandar da ta dace da kowane bugu, kuma yaya ake tsara wasan rami?

Amsa: Malam, kafin mu taɓa maganar sanda, ɗauko katunan wasanninka uku na baya-bayan nan ka shimfiɗa su a gabanka. Ban gan su ba, amma na ga irinsu da yawa a shekarun da na yi ina koyar da masu wasan sha'awa. Za ka tarar da ramuka goma sha huɗu ko sha biyar da ka buga ba laifi, biyar nan, shida can, jefi-jefi har da par, wato adadin bugun da aka tsara wa ramin. Sai kuma ramuka uku ko huɗu masu takwas da tara, wataƙila har da goma. Su ne suka riƙe ka a 100. In ka zauna ka tuno yadda kowannensu ya lalace, za ka ga tun kafin ka kaɗa sanda aka yi ɓarnar, lokacin da ka zaɓi abin da za ka zaro daga jaka da inda za ka dosa. Ka tsara bugun ne da ƙwallon da ta fi kowace kyau a rayuwarka, alhali wadda ke fitowa daga hannunka yau da kullum daban take.

Mu fara da lissafi, don yana kwantar da hankali. Yawancin filaye par 72 ne. Wanda ya ƙara bugu ɗaya a kan par a kowane rami, abin da ake kira bogi, zai tashi da 90. Kai da kake neman 99 kana da sararin da ya fi haka: ramuka tara ka ƙara ɗaya, ramuka tara ka ƙara biyu, ka ga 72 da 9 da 18, 99 ke nan cif. Ko par guda ba ka buƙata. Saboda haka ka ɗauki biro ka gyara katin kafin ka fita. Akwai layin da ke jera ramuka daga 1 zuwa 18 bisa wuyarsu. Tara mafiya wuya ka ƙara musu biyu, sauran ka ƙara musu ɗaya. Wannan shi ne par ɗinka. Rami mai yadi 420 da aka rubuta par 4 ya zama maka par 6, kuma mutumin da ke da bugu huɗu kafin ya hau girin, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da rami da tuta suke, ba shi da dalilin yin kasada ko kaɗan.

Abu na biyu, wanda na fi naci a kansa, shi ne ka san ainihin nisan kowace sandarka. Duk ɗalibin da na tambaya nawa ƙarfe bakwai ɗinsa, wato sandar ƙarfe mai lamba 7, ke kai wa, sai ya ce yadi 150. In muka auna, sau da yawa sai a samu 135 ko ƙasa da haka. Ba ƙarya ya yi mini ba. Ya taɓa buga 150 wata rana da iska ke bayansa, ƙwallon ta zauna a tsakiyar fuskar sanda, zuciyarsa ta riƙe wannan ta watsar da sauran ɗari biyun. Ka samu wata la'asar da fili ba kowa, ka tafi da ƙwallayen da kake wasa da su, ba tsofaffin ƙwallayen wurin atisaye ba, waɗanda duka ya riga ya cinye. Buga goma da ƙarfe bakwai, ka sa kadinka, mai ɗaukar maka jaka, ya tsaya gefe ya lura da inda kowace ta fara taɓa ƙasa da inda ta tsaya. Cire wadda ta fi nisa, cire wadda ta fi lalacewa, ka duba tsakiyar takwas ɗin da suka rage. Lamba biyu za ka rubuta: tafiyarta a sama, da jimillar tafiyarta har da gudun ƙasa. Ta farko ita ke gaya maka ko za ka tsallake ruwa ko kwarmin yashi, ita ce kuma mutane ba su sani ba. Ka yi haka da fitcin wej (sandar ɗaga ƙwallo a gajeren nisa), da ƙarfe tara, da biyar, da haibirid (sandar nisa mai sauƙin ɗaga ƙwallo), da direba. Tsakanin ƙarfe da mai bi masa akan samu tazarar yadi 10 zuwa 12, don haka sauran za ka iya cike su da ƙiyasi. Ka rubuta a ɗan kati ka sa a aljihu, kuma in katin ya saɓa da abin da zuciyarka ke raya maka, katin za ka bi.

Da zarar ka yi wannan, za ka gane dalilin da ƙwallonka ke yawan faɗuwa kafin girin. Masu zana filaye sun san halinmu, shi ya sa suke jibge yashi da ruwa ta gaba, bayan girin kuwa sau da yawa ciyawa ce kawai. Girin da yawa sukan kai yadi 30 daga bakinsu zuwa ƙarshensu, wato sanduna uku daban-daban za su iya sauke maka ƙwallo a kai. Idan ƙasa na da laushi, kamar a damina, ka tambayi nisan ƙarshen girin ka zaɓi sandar da bugunka mafi kyau zai kai can. In ka same ta daram, kana baya, kana da fota, sandar gangara ƙwallo zuwa rami, a hannu. In ka ɗan kuskure, wanda shi ne ya fi faruwa, kana tsakiya ko gaba. Kuma sandar da ta ɗan fi ƙarfin nisan tana sa mutum ya kaɗa a natse. Wanda ya ɗauki ƙaramar sanda ya san sai ya tattaro duk ƙarfinsa, daga nan kafaɗa ke riga hannu, ƙwallo ta tafi inda ta ga dama.

To amma a nan dole in tsaya, domin wannan shawara an gina ta ne a kan filayen Turai da Amurka masu shan ruwa kullum. Kai a Kaduna kake. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasarmu takan bushe ta zama fako, ƙwallon da ta sauka takan yi tsalle kamar an jefa ta kan siminti, ta ƙara yadi 20 ko 30 a guje. Wanda ya sauke ta a tsakiyar girin a watan Fabrairu, a bayan girin zai tsince ta. A rani lissafin juyawa yake: ka duba inda kake so ta tsaya, ka ja baya ka nemi inda za ta sauka, sannan ka zaɓi sandar da za ta kai wurin saukar. In babu yashi ko rafi a gaba, ƙarfe takwas da ya sauka yadi 15 kafin girin ya gangara ya hau ya fi ƙarfe bakwai da ya sauka a kai ya wuce. Rami ɗaya, nisa ɗaya, amma sandar Agusta daban, ta Fabrairu daban, wani lokaci tazarar sanda biyu ce tsakaninsu. Saboda haka awon da na ce ka yi, sau biyu za ka yi shi a shekara.

Manyan 'yan wasa ma in suka haɗu da irin wannan ƙasa haka suke yi. A Yulin 2006 zafi ya ƙone filin Royal Liverpool na Ingila har ciyawarsa ta koma ruwan ƙasa, kamar filayenmu a tsakiyar rani. Tiger Woods, wanda a lokacin yana cikin masu dogon bugu a duniya, sau ɗaya tak ya zaro direba a ramuka 72 na gasar British Open. Da ƙarafa yake bugawa daga ti, wato inda ake fara bugun kowane rami, ƙwallo ta sauka ta yi ta gudu, ta tsaya kafin kwarmin yashi. Ya ci gasar da ratar bugu biyu. Ya karanci ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ne, ya bar ta ta yi masa rabin aikin.

Sai maganar inda za ka auna. Ƙwallayen nan goma da ka buga, ka lura ba wuri ɗaya suka taru ba, sun bazu ne kamar an watsa wa kaji dawa, wasu dama, wasu hagu, wasu kusa. Kowane ɗan wasa yana da irin wannan bazuwar, ta gwani ƙarama ce, taka babba ce, bambancin ke nan. Aikinka shi ne ka ɗauki wannan da'irar gaba ɗayanta ka ɗora ta inda mafi yawanta ke kan wuri mai aminci. Idan tuta tana gefen dama kusa da yashi, ka auna ta, rabin ƙwallayenka a yashi za su ƙare. Idan ka auna tsakiyar girin, wadda ta karkata dama za ta je kusa da tuta ka sha tafi, wadda ta karkata hagu tana kan girin har yanzu. Ko ƙwararrun gasar PGA Tour ta Amurka, kusan girin 12 cikin 18 suke hawa a adadin bugun da aka tsara. Mai bugu 100 ba shi da wata hulɗa da tuta in ya wuce yadi 60 daga gare ta.

Abin da ya faru a rami na 12 a filin Augusta na Amurka ranar ƙarshe ta gasar Masters ta 2019 ya isa misali. Ramin gajere ne, yadi 155, rafi na kwance a gabansa, tuta tana can dama inda girin ya fi nisa da tsallaken ruwa. Brooks Koepka da Ian Poulter da Francesco Molinari da Tony Finau duk suka jefa ƙwallo a ruwa, alhali Molinari na gaba da bugu biyu lokacin da ya iso wurin. Woods ya kau da kai daga tuta, ya buga ta saman kwarmin yashi zuwa can hagu inda girin ya fi aminci, ya yi fota biyu, ya karɓi par ɗinsa ya wuce. A wannan ramin ya kamo na gaba, daga bisani ya ɗauki gasar.

Yanzu direbanka. Wasu za su ce ka ajiye shi a gida gaba ɗaya, ni ban yarda da wannan ba. Farfesa Mark Broadie na Jami'ar Columbia, wanda ya ƙirƙiro hanyar auna darajar kowane bugu da PGA Tour ta fara amfani da ita a 2011, ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na bambancin da ke tsakanin mai wasa da wanda ya fi shi yana fitowa ne daga bugun da ya wuce yadi 100, kuma kusantar rami riba ce ko da ƙwallo ta ɗan shiga ciyawa. Nisa yana da amfani, kada kowa ya ruɗe ka. Abin da ke kashe kati shi ne biyan tara. Ka tsaya a ti ka tambayi kanka: a nisan da direbana ke sauka, akwai fararen turakun iyaka, ko ruwa, ko dajin da ƙwallo ke ɓata, cikin faɗin bazuwata? In babu, buga direba da zuciya ɗaya. In akwai, sauko zuwa sandar da ba za ta kai ga matsalar ba. Ƙwallon da ta fita iyaka ko ta ɓata bugu biyu take ci maka, don za ka biya tarar bugu ɗaya kuma ka koma inda ka bugo, wato daga ti kana buga na uku. Sau uku a wasa ɗaya bugu shida ke nan, kuma shida ɗin nan su ne tsakanin 103 da 97. Dokokin 2019 sun mayar da lokacin neman ƙwallo minti 3, don haka in kana shakka ka sanar da abokan wasa ka buga ƙwallon ko-ta-kwana tun kana wurin.

Akwai wata ƙaramar dabara da ba ta cin ko kwabo. Ka kafa ti ɗinka a gefen da matsala take, ka buga kana nesanta da ita. In iyaka na dama, tsaya a dama ka doshi hagu, fili zai buɗe maka. Kuma idan ƙwallonka ta saba lanƙwasawa dama, kamar yadda take yi wa yawancin masu wasa da hannun dama, ranar wasa ba ranar gyara ba ce. Auna gefen hagu na feyawe, wato gyararriyar hanyar da ke tsakanin ti da girin, ka bar ta ta dawo da kanta. Gyaran kaɗi aikin ranar Talata ne tare da mai koyarwa. Ka duba kuma daga wane ti kake bugawa. In direbanka bai wuce yadi 200 ba, babu abin da ka ajiye a ti na can baya.

Mu zo kan inda takwas da tara ke haihuwa. Ƙwallonka ta shiga ƙarƙashin darbejiya, akwai wata 'yar kafa tsakanin rassa biyu da ake hango tuta ta cikinta. Zuciya ta ce ai za ta wuce. Tambayar da nake sa ɗalibaina su yi ita ce: in na buga wannan sau goma, sau nawa za ta fita? In amsar ba ta kai takwas ba, ɗauki ƙarfe bakwai ko shida, riƙe shi ƙasa-ƙasa, sa ƙwallo kusa da ƙafarka ta baya, ka turo ta feyawe ta hanyar da ta fi faɗi, ko da gefe ne, ko da baya ne. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Bugu ɗaya ka rasa, kuma par ɗin da ka rubuta wa kanka ya riga ya ba ka shi kyauta. Wanda ya nemi kafar nan ya daki reshe, ƙwallo ta koma cikin gamba, yanzu ransa ya ɓaci, bugu na gaba ma na fushi ne. Haka ake rasa ido garin neman gira. In ma wurin ya fi ƙarfin sanda, doka ta 19 ta ba ka dama ka ce ƙwallon ba ta buguwa: ka biya tarar bugu ɗaya, ka sake ta daga tsayin gwiwa cikin tsawon sanda biyu ba tare da ka matso rami ba, ko ka ja baya a kan layin da ya haɗa tuta da inda take, ko ka koma inda ka bugo. Mutane na jin kunyar wannan dokar, alhali sau da yawa ita ce mafi arha.

Duk lokacin da na ga ɗalibi zai yi irin wannan kasada, Jean van de Velde nake tunawa. A 1999 a Carnoustie ta Sikotland, Bafaranshen ya iso rami na ƙarshe na British Open yana gaba da bugu uku. Ramin par 4 ne, ko shida ya yi kofi nasa ne. Ƙarfe biyar da wej biyu da fota biyu sun ishe shi. Ya zaro direba, ƙwallo ta tafi can dama, Allah ya taimake shi ba ta faɗa rafi ba. Maimakon ya turo ta gaba kaɗan, ya ɗauki ƙarfe biyu ya doshi girin. Ta daki rumfar 'yan kallo ta dawo cikin ciyawa mai kai gwiwa. Na uku ya faɗa rafin Barry Burn, har ya cire takalma ya naɗe wando ya shiga ruwa kafin ya haƙura ya karɓi tarar bugu ɗaya. Na biyar ya shiga yashi. Da bakwai ya gama, aka je wasan raba gardama, Paul Lawrie ya ɗauke kofin. Mutumin nan ya iya kaɗa sanda fiye da duk wanda ni da kai za mu taɓa wasa da shi. Zaɓi ne ya kayar da shi.

A ramuka masu par 5 da dogayen par 4, ka riƙa lissafi daga tuta zuwa baya. A ce saura yadi 230 kuma akwai rafi yadi 30 kafin girin. Wud uku ɗinka, sandar da ke bi wa direba a nisa, ba zai tsallake 200 a sama ba sai ranar sa'a. To tun da bugu biyu za ka yi ko ta yaya, raba su yadda za su yi maka sauƙi: ƙarfe shida ya kai ka 150, saura 80, wej cikakke. Zach Johnson ya ci Masters ta 2007 ba tare da ya nemi hawa girin da bugu biyu a ko ɗaya daga ramukan par 5 ba, ya kuma buga su 11 ƙasa da par a kwana huɗu. Sai dai in babu ruwa ko yashi a gaba, kada ka tsaya nesa da gangan don wai ka fi son yadi 100. Matsa kusa iyakar yadda sandar da ka amince da ita za ta kai ka. Kuma in za ka tsaya kafin rafi, ka tsaya sosai, yadi 20 aƙalla, musamman a rani da ƙwallo ke gudu. Abin takaici ne mutum ya yi niyyar kauce wa ruwa ya gangara cikinsa.

Kusa da girin, ƙa'idata ita ce ƙwallo ta koma ƙasa da wuri. In fota za ta iya, fota. In ba za ta iya ba, ƙarfe takwas ko tara, ɗan taɓi kamar na fota, ta tsallake ciyawa ta gangara. Sai in akwai yashi tsakaninka da tuta za ka ɗaga ta sama. Wannan ya fi muhimmanci a ƙasarmu. San wej yana da ƙasa mai tudu da aka yi domin ya zame cikin yashi. A kan fako tudun nan sai ya daki ƙasa ya yi tsalle, bakin sanda ya sari ƙwallo a ciki, ta tsallake girin kamar harsashi. Na ga wannan ya fi a ƙirga. Mummunan bugun fota yakan bar ka ƙafa goma daga rami, mummunan bugun wej kuwa yakan bar ka inda kake ko a ɗaya gefen. A filayen da har yanzu ake amfani da burawun, wato yashin da aka cakuɗa da mai aka daddale a madadin ciyawa, ƙwallon da ta sauka a kai takan lafe ba ta gudu sosai, wadda ta sauka a fakon da ke gefensa kuwa sai ta yi tsalle, don haka ka tambayi kadi yadda burawun ɗin ranar yake kafin ka zaɓi wurin sauka. A kan girin kuma nisa za ka kula da shi fiye da layi. Ƙwararru ma daga ƙafa 8 kusan rabi suke jefawa. Daga ƙafa 30 burinka ta tsaya inda na biyu ba zai ba ka tsoro ba.

Jakarka. Doka ta yarda da sanduna 14, ba ta ce sai ka cika su ba, wuce su ne laifi. Ian Woosnam ya sha tarar bugu biyu a ranar ƙarshe ta British Open ta 2001 yana cikin na gaba-gaba, saboda an tarar da direba biyu a jakarsa, sanduna suka zama 15. Ga mai wasa irinka, ƙarfe uku da huɗu su fita. Fuskarsu a tsaye take, suna buƙatar saurin kaɗi da yawancinmu ba mu da shi, shi ya sa za ka ga ƙarfe huɗu da biyar da shida duk suna sauka kusan wuri ɗaya. Haibirid ko wud biyar ko bakwai, masu kwanciyar fuska digiri 18 zuwa 22, za su ɗaga maka ƙwallo ba wahala. Direba mai digiri 10.5 zuwa 12 ya fi mai 9 yafiya. Lob wej mai digiri 60 ya jira tukuna. Ka duba kuma ratar da ke tsakanin fitcin wej, wanda a sandunan zamani yakan zo da digiri 43 zuwa 45, da san wej mai 56. Rata ce babba, wej mai 50 ke cike ta. Da yake yawancinmu sandunan hannu muke saye waɗanda aka shigo da su daga waje, ka karanta abin da aka rubuta a jikin ƙotar. In harafin S ko X ne, mai tauri ce, an yi ta don mai saurin kaɗi, kuma tana iya zama dalilin da ƙwallonka ke tafiya ƙasa-ƙasa tana zamewa dama.

Iska da tudu ba sa buƙatar dogon bayani. Iskar da ke fuskantarka ta fi cutarwa fiye da yadda ta baya ke taimako, don haka in hunturu na kaɗawa a fuskarka ƙara sanda ɗaya ko biyu ka sassauta kaɗi. Bugu da ƙarfi na ƙara wa ƙwallo juyi, ta hau sama, iska ta riƙe ta. Da sanyin safiya ƙwallo ba ta kai nisan da take kai wa da rana. Girin da ke kan tudu yana son ƙarin sanda. In ƙwallo ta fi ƙafafunka tudu za ta tafi hagu ga mai hannun dama, in ta fi su gangare za ta tafi dama. Ranar da ka je Jos, inda ƙasa ta haura mita 1,200 daga teku, ƙwallonka za ta ɗan ƙara nisa saboda iskar can ba ta da nauyi. Ranar da ka je filin IBB na Abuja mai tafkuna da ƙoramu kuwa, lambar tafiyar sama ita za ta cece ka.

Kada ka raina kadinka. Da yawansu a filin suka tashi, sun san inda ƙasa ke gudu da inda take riƙewa fiye da kowace na'urar auna nisa. Sai dai yaro ba ya son ɓata wa Alhaji rai, in ya ga kana son jin ƙarfe bakwai, ƙarfe bakwai zai miƙo. Tun a rami na farko nuna masa katin awonka, ka ce masa kana so ya faɗa maka gaskiya ko ba ta yi daɗi ba, ka kuma gode masa ranar da ya hana ka kasada. A gasa shi ko abokin haɗinka da kadinsa kaɗai doka ta yarda ka tambaya wace sanda za ka ɗauka. Tambayar abokin hamayya me ya buga laifi ne, amma tambayar nisa ba laifi ba ce.

Ga yadda rami ɗaya zai kasance in ka haɗa duka. Par 4, yadi 380, iyaka a dama, yashi a gaban girin ta hagu, watan Janairu. Katinka ya ce biyar. Ka kafa ti a dama, ka zaro wud biyar ka doshi gefen hagu, ta sauka 165 ta gudu zuwa 190. Saura 190, nisan da ba ka da sandar da za ta kai shi cikin aminci. Ƙarfe bakwai zuwa dama da yashin, ta tsaya yadi 40 daga girin, ba komai tsakaninka da shi. Ƙarfe tara, ɗan taɓi, ta sauka kafin girin ta gangara tsakiya. Fota biyu. Biyar, ba ka yi bugu ko ɗaya da ya fi ƙarfinka ba, wata rana kuma fotar farko za ta faɗa ka samu huɗu.

Asabar mai zuwa ka ƙara layi uku a ƙasan katinka. A kowane rami ka sa alama in ka biya tara, in ka yi bugu biyu daga cikin yadi 50 kafin ka hau girin, da in ka yi fota uku. Ka yi haka wasa biyar, ka haɗa alamomin kowane layi, sannan ka aiko mini da su tare da awon sandunanka na rani, mu ga wanda za mu fara kamawa.